Cibiyar Heritage: Sauyin shugabanni da gadon Edwin Feulner

Cibiyar Heritage Foundation, mai mazauni a birnin Washington, na daga cikin cibiyoyin nazarin manufofin gwamnati da suka fi tasiri a siyasar Amurka, musamman a tsakanin masu ra'ayin 'yan mazan jiya da kuma jam'iyyar Republican.

Cibiyar ba ta tsayar da 'yan takara, kuma ba ta karɓar kuɗi daga gwamnati. Aikinta shi ne rubuta shawarwari a kan haraji, da tsaro, da shige da fice, da ilimi, da harkokin waje, sannan ta yi ƙoƙarin ganin 'yan majalisa da fadar White House sun yi aiki da su.

Mutum guda, Edwin Feulner, shi ne ya jagorance ta har tsawon shekaru 36. Tun bayan saukarsa a shekarar 2013, an naɗa mutane uku a kan kujerar, kuma kowane sauyi ya sake tado da muhawara guda: shin ƙarfin cibiyar yana ga binciken da take yi ne, ko kuwa ga shiga fagen daga na siyasa?

Asalin cibiyar

An kafa Heritage ne a watan Fabrairun 1973. Waɗanda suka assasa ta, Edwin Feulner da Paul Weyrich, matasa ne a lokacin da ke aiki a ofisoshin 'yan majalisar dokoki na jam'iyyar Republican.

Kamar yadda Mr Feulner ya sha bayar da labari, tunanin kafa cibiyar ya samo asali ne a shekarar 1971, lokacin da majalisar ta kaɗa ƙuri'a a kan batun ci gaba da kashe kuɗi wajen ƙera wani jirgin saman fasinja mai gudun da ya zarta na sauti.

Wata tsohuwar cibiya ta masu irin ra'ayinsu, American Enterprise Institute, ta yi nazari mai zurfi a kan batun, amma rahotonta bai isa hannun 'yan majalisar ba sai bayan an gama ƙuri'a. Wannan ne ya sa matasan biyu suka ƙudiri aniyar kafa cibiyar da za ta riƙa kai hujja ga ɗan majalisa tun kafin ya yanke shawara.

Joseph Coors, wani attajiri mai kamfanin giya a jihar Colorado, shi ne ya ba da dala dubu 250 da aka fara aiki da su. Mr Weyrich ne shugaba na farko, wasu mutane biyu suka biyo bayansa na ɗan gajeren lokaci, kafin Mr Feulner ya karɓi ragamar a 1977.

Salon Feulner

An haifi Edwin Feulner a birnin Chicago a shekarar 1941. A lokacin da ya hau kujerar, ma'aikatan cibiyar ba su kai goma ba. Ya zuwa lokacin da ya sauka, sun haura ɗari biyu, kuɗin da take samu a shekara kuma ya kai kimanin dala miliyan 80.

Ƙa'idarsa ita ce rahoto ya kasance gajere, yadda ɗan majalisa zai iya sa shi a jaka ya karance shi a mota kafin ya isa filin jirgin sama. Ya kuma ɗauki tallata rahoto da muhimmanci daidai da rubuta shi.

Ta fuskar kuɗi, bai dogara ga manyan attajirai kaɗai ba. Cibiyar ta riƙa aika wasiƙu ga talakawa magoya baya tana neman gudummawa, har suka kai dubban ɗaruruwa, lamarin da ya rage yiwuwar wani mai kuɗi guda ya juya akalarta.

Wani abin da aka san shi da shi kuma shi ne haɗa kan ɓangarori uku na masu ra'ayin 'yan mazan jiya, waɗanda ba kullum suke ga-maciji da juna ba: masu son gwamnati ta sakar wa kasuwa mara, da masu kishin addini da iyali, da kuma masu son Amurka ta ƙarfafa sojinta domin tunkarar Tarayyar Soviet.

Zamanin Reagan

Tauraruwar cibiyar ta fara haskakawa ne bayan zaɓen Ronald Reagan. A farkon 1981 ta wallafa wani kundi mai shafi fiye da dubu ɗaya mai suna Mandate for Leadership, wanda ya ƙunshi shawarwari kusan dubu biyu a kan yadda za a tafiyar da kowace ma'aikata ta gwamnatin tarayya.

Shugaba Reagan ya raba kundin ga ministocinsa. Cibiyar ta ce an yi aiki da kusan kashi 60 cikin ɗari na shawarwarin, kodayake wannan ƙiyasi ne na ita kanta. A 1989 Mr Reagan ya karrama Mr Feulner da lambar yabo ta shugaban ƙasa.

Tasirin cibiyar a wancan zamani ya taɓa nahiyar Afirka. Ta goyi bayan taimaka wa 'yan tawayen UNITA na Jonas Savimbi a Angola, a matsayin wani ɓangare na yaƙin cacar baka. Ta kuma yi ta sukar hukumar UNESCO a ƙarƙashin jagorancin Amadou-Mahtar M'Bow, ɗan ƙasar Senegal, kafin Amurka ta fice daga hukumar a ƙarshen 1984.

Daga 1995 kuma ta fara fitar da wani jadawali na shekara-shekara da ke auna 'yancin tattalin arziki a ƙasashen duniya, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana.

Jim DeMint da siyasar fito-na-fito

Tun kafin saukar Mr Feulner, yanayin siyasar Amurka ya fara sauyawa. A 2010, shekarar da aka zartar da dokar inshorar lafiya ta Shugaba Obama, cibiyar ta kafa wani reshe mai suna Heritage Action, wanda doka ta ba shi damar matsa wa 'yan majalisa lamba kai tsaye, har da ba su maki a kan yadda suke kaɗa ƙuri'a.

Dokar ta jefa cibiyar cikin tsaka mai wuya, domin kuwa wani masaninta, Stuart Butler, ya taɓa ba da shawara a 1989 cewa a wajabta wa kowane gida mallakar inshorar lafiya, tanadin da ya zama ginshiƙin dokar ta Obama. Cibiyar ta ce ta riga ta janye daga wannan ra'ayi.

A watan Disamban 2012, Sanata Jim DeMint na jihar Carolina ta Kudu ya ba da sanarwar ajiye kujerarsa a Majalisar Dattawa domin ya gaji Mr Feulner, ya kuma kama aiki a watan Afrilun 2013. Ɗan siyasa ne da ke kusa da ƙungiyar Tea Party, ba masanin bincike ba.

Shekararsa ta farko ta zo da cece-kuce. Wani rahoto da ya yi iƙirarin cewa halatta zaman baƙin haure zai jawo wa Amurka asarar fiye da dala tiriliyan shida ya sha suka hatta daga wasu masana masu ra'ayin 'yan mazan jiya.

A wannan shekarar ce kuma Heritage Action ta matsa wa 'yan Republican lamba da su ƙi amincewa da kasafin kuɗi muddin yana ɗauke da kuɗin dokar inshorar, abin da ya taimaka wajen rufe ma'aikatun gwamnati na kwanaki 16 a watan Oktoba. Shugabannin jam'iyyar a majalisa sun fusata matuƙa da cibiyar.

Duk da haka, a zamaninsa ne cibiyar ta ƙulla alaƙa da Donald Trump, inda ta taimaka wajen tsara jerin sunayen alƙalan da ya yi alkawarin zaɓa daga ciki zuwa Kotun Ƙoli a 2016.

A watan Mayun 2017 kwamitin amintattu ya sauke Mr DeMint, yana mai cewa akwai matsaloli a yadda ake tafiyar da cibiyar. Aka sake kiran Mr Feulner ya riƙe kujerar na wucin gadi.

Kay Coles James

A farkon 2018 Kay Coles James ta karɓi shugabancin, inda ta zama mace ta farko, kuma baƙar fata ta farko, da ta riƙe wannan muƙami. Ta taɓa shugabantar hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin tarayya a zamanin Shugaba George W. Bush.

An ɗauki naɗin nata a matsayin yunƙuri na kwantar da ƙura, da kuma jawo matasa da tsirarun jinsuna zuwa ga ra'ayin cibiyar.

Sai dai ba kowa ne ya gamsu da salonta ba. Bayan kisan George Floyd a 2020, ta yi rubutu tana cewa har yanzu wariyar launin fata na damun Amurka, abin da ya sa fitaccen mai gabatar da shirin talabijin, Tucker Carlson, ya caccake ta. A 2021 ta ba da sanarwar sauka.

Kevin Roberts da shirin Project 2025

Kevin Roberts, wanda masanin tarihi ne da ya shugabanci wata cibiyar nazari a jihar Texas, ya hau kujerar a ƙarshen 2021. Ya fito fili ya ce burinsa shi ne ya mayar da aƙidun Mr Trump su zama tsayayyen tsari.

Sauyin ya bayyana a 2022, lokacin da Heritage Action ta yi adawa da tallafin dala biliyan 40 ga Ukraine, matakin da ya saɓa da tarihin cibiyar na tsaurin ra'ayi a kan Moscow.

A 2023 cibiyar ta fitar da sabon kundin Mandate for Leadership mai shafi kusan 900, a ƙarƙashin shirin da aka fi sani da Project 2025, tare da haɗin gwiwar ƙungiyoyi masu yawa. Daga cikin shawarwarinsa akwai rushe ma'aikatar ilimi ta tarayya, da sauƙaƙa wa shugaban ƙasa korar dubban ma'aikatan gwamnati domin maye gurbinsu da masu biyayya gare shi, da kuma rage ayyukan hukumar ba da agaji ta USAID.

Kundin da kansa ya nuna ɓarakar da ke cikin gida: a kan batun cinikayya, an buga ra'ayoyi biyu masu karo da juna, ɗaya na goyon bayan harajin kayan da ake shigowa da su, ɗaya kuma na adawa da shi.

'Yan jam'iyyar Democrat sun yi amfani da shirin wajen yaƙin neman zaɓen 2024, har Mr Trump ya nesanta kansa da shi. Amma bayan ya koma mulki a 2025, ya naɗa wasu daga cikin marubutansa a manyan muƙamai, ciki har da Russell Vought a ofishin kasafin kuɗi.

A wannan shekarar ce kuma aka rufe USAID baki ɗaya, matakin da ya zarta abin da kundin ya nema, ya kuma shafi ayyukan kiwon lafiya da na abinci a ƙasashen Afirka da dama.

Rikicin 2025

Edwin Feulner ya rasu a ranar 18 ga watan Yulin 2025 yana da shekaru 83.

Watanni uku bayan nan, cibiyar ta faɗa cikin wani rikici na cikin gida. A ƙarshen watan Oktoba, Mr Roberts ya fitar da wani faifan bidiyo yana kare Tucker Carlson, wanda ake suka saboda hirar da ya yi da Nick Fuentes, wani mai ra'ayin fifita farar fata da ya yi ƙaurin suna wajen ƙyamar Yahudawa.

Daga bisani Mr Roberts ya nemi afuwar ma'aikata, amma hakan bai hana murabus ba. Farfesa Robert George na jami'ar Princeton ya fice daga kwamitin amintattu, kuma a watan Disamba ma'aikata fiye da goma suka koma wata ƙungiya da tsohon mataimakin shugaban ƙasa, Mike Pence, ya kafa.

Abin da ya bari

Masu goyon bayan alkiblar Mr Roberts na cewa cibiyar ba ta kauce wa tafarkin Mr Feulner ba, tunda tun asali an kafa ta ne domin ta yi tasiri a kan masu mulki, kuma masu jefa ƙuri'a na jam'iyyar Republican sun sauya.

Masu suka kuwa na cewa Mr Feulner ya gina sunan cibiyar ne a kan tsayayyun aƙidu, kamar cinikayya ba tare da shinge ba da ƙawance da ƙasashen Turai, kuma ya fi mai da hankali ga tara jama'a a inuwa guda, ba ga bin ra'ayin ɗan siyasa guda ba.

Abin da ɓangarorin biyu ba su yi saɓani a kansa ba shi ne dabarar da ya ƙirƙiro. Gajerun rahotanni, da tanadar kundin mulki kafin zaɓe, da tara sunayen mutanen da za a naɗa a muƙamai, duk sun zama ruwan dare a Washington. Hatta 'yan Democrat sun kwaikwayi wannan salo, lokacin da John Podesta ya kafa cibiyar Center for American Progress a 2003.