Jami'o'in yankin Tafkin Chadi da neman zaman lafiya

Yankin Tafkin Chadi, inda iyakokin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗu, ya kasance cikin tashin hankali tun shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri.

Ko da yake an fi jin labarin matakan soja, jami'o'in yankin su ma sun daɗe suna nazarin musabbabin rikicin da hanyoyin warware shi.

Jami'o'in da ke bakin iyaka

Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ita ce babba a cikinsu. Tana da cibiyar nazarin zaman lafiya da diflomasiyya da raya ƙasa, kazalika da wata cibiyar mai nazarin hulɗar al'ummomin da ke sassan Sahara.

A Kamaru an kafa Jami'ar Maroua a 2008 a lardin Arewa Mai Nisa, yayin da Nijar ta kafa Jami'ar Diffa a 2014, watanni kaɗan kafin mayaƙan Boko Haram su kai hari garuruwan Diffa da Bosso a watan Fabrairun 2015.

Malamai da ɗaliban waɗannan jami'o'i da dama 'yan yankin ne, masu jin Kanuri da Fulatanci da Larabcin Shuwa da Hausa, abin da ke ba su damar shiga inda baƙon mai bincike ba zai iya ba.

Abin da bincike ya nuna

Tun kafin rikicin ya bazu, Farfesa Saibou Issa na Jami'ar Maroua ya yi nazari kan 'yan fashin da ke tare hanyoyi a yankin, ya kuma wallafa littafi a kai a 2010.

Nazarin ya nuna cewa fashi da satar shanu da garkuwa da mutane sun daɗe suna tsallaka iyakokin, saboda raunin hukuma a yankunan karkara.

Shi kuwa Farfesa Kyari Mohammed, masanin tarihi da ya taɓa shugabantar Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, ya yi rubutu kan yadda aƙidar ƙungiyar da dabarunta suka riƙa sauyawa, da kuma yadda amfani da ƙarfi fiye da kima ya ƙara rura wutar rikicin.

Wani rahoton Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Kashi 71 cikin ɗari na tsofaffin mayaƙan da aka tattauna da su a wasu ƙasashen Afirka sun ce wani mataki na hukuma, kamar kisa ko kama ɗan uwa ko aboki, shi ne ya tunzura su shiga ƙungiya.

Batun tubabbu

A watan Disamban 2016 gwamnatin Nijar ta yi tayin afuwa ga mayaƙan da suka ajiye makamai, aka kuma tanadar musu sansani a Goudoumaria.

A watan Mayun 2017 Jami'ar Diffa ta shirya taron ƙasa da ƙasa kan sauya tunanin matasa da mayar da tubabbu cikin al'umma.

Lamarin dai yana da sarƙaƙiya, domin waɗanda aka kashe wa 'yan uwa na ganin an fifita masu laifi a kansu. Irin wannan ƙorafi ya biyo bayan shirin Operation Safe Corridor da Najeriya ta soma a 2016.

Ta fuskar koyarwa kuma, hukumar kula da jami'o'in Najeriya ta sanya darasin zaman lafiya da sasanta rikici cikin darussan bai-ɗaya na masu neman digirin farko.

Asarar rayuka da cikas

Jami'o'in ba su tsira daga rikicin da suke nazari a kansa ba.

A ranar 16 ga watan Janairun 2017 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a wani masallacin Jami'ar Maiduguri lokacin sallar asuba, inda Farfesa Aliyu Mani na fannin likitancin dabbobi ya rasu.

A watan Yulin wannan shekara aka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri. An kashe wasu ma'aikatan jami'ar, aka kuma sace uku, waɗanda aka sako a watan Fabrairun 2018.

Duk da haka jami'ar ba ta dakatar da karatu saboda hare-haren ba.

Akwai kuma matsalar ƙarancin kuɗi, wadda ke sa bincike ya dogara ga tallafin ƙasashen waje, da kuma bambancin harshe: malaman Najeriya na rubutu da Ingilishi, takwarorinsu na sauran ƙasashen uku kuma galibi da Faransanci.

A 2018 ƙasashen Hukumar Tafkin Chadi sun amince da wani tsarin farfaɗo da yankin, wanda ya sanya ilimi da mayar da tubabbu cikin al'umma a sahun ginshiƙansa.

Sai dai ficewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwar yankin a watan Maris na 2025 ta nuna cewa haɗin kan gwamnatocin yana da rauni, lamarin da ya ƙara wa hulɗar da ke tsakanin malaman jami'o'in muhimmanci.