Daga Garejin Bayan Gida Zuwa Kano: Tarihin Tseren Motocin 'Yan Sha'awa

Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 1974, wasu 'yan motoci ƙalilan suka shigo birnin Kano daga arewa, bayan sun ratso hamadar Sahara. Sun taso ne daga Landan ranar 5 ga watan, kuma Kano ita ce iyakar tafiyarsu ta kudu kafin su juya su nufi birnin Munich na ƙasar Jamus. Akasarin direbobin ba ma'aikatan wani kamfanin ƙera motoci ba ne. Mutane ne masu sana'o'insu, waɗanda suka zuba kuɗin aljihunsu don sha'awa kawai. Wannan muƙala za ta bi diddigin irin waɗannan mutane, daga inda al'adarsu ta tsiro a Ingila har zuwa lokacin da ta taɓo ƙasar Hausa, domin a ga cewa da bakanike da ɗan sha'awa aka kafa wannan wasa, tun kafin manyan kamfanoni su mamaye shi.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Tseren kulob shi ne wanda ƙungiyar masu sha'awar motoci ke shirya wa 'ya'yanta, ba don neman abinci ba. Direba shi ne mai motar, galibi kuma shi ne mai gyaranta. Mota mai kujera ɗaya ita ce wadda aka ƙera don tsere kaɗai: siririya ce, ba ta da rufi, tayoyinta huɗu a fili suke, kuma mutum ɗaya take ɗauka. A zagayayyen fili ake gudu da ita. Shi kuwa tseren dogon zango da motocin hawa na yau da kullum ake yinsa, a bi hanya daga gari zuwa gari cikin lokacin da aka ƙayyade, wanda duk ya makara a rubuta masa tarar mintoci. Duk da bambancin fili, mutane iri ɗaya ne suka raya wasannin biyu.

Ingila Bayan Yaƙi

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Ingila ta wayi gari ba ta da filin tseren motoci. Brooklands, wanda aka buɗe tun 1907, an rufe shi a 1939, ba a sake buɗe shi ba. Fetur sai da kati ake samu, sabuwar mota kuwa ta fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Abin da yaƙin ya bari da yawa shi ne filayen jiragen sama da babu kowa a cikinsu, da kuma samarin da suka koyi kanikanci a soja. A watan Satumba na 1947 wasu abokai suka shiga filin jiragen yaƙi na Silverstone suka yi tsere a tsakaninsu, har ɗayansu ya banke tunkiya. Shekara guda bayan haka aka yi babbar gasa ta ƙasa a filin. A watan Satumba na 1948 kuma aka buɗe Goodwood, shi ma tsohon filin jiragen yaƙi ne.

Yaƙin nan ya taɓa Afirka ta Yamma ta irin wannan fuska. An share filin saukar jirage a Tamale, filin Kano kuma ya zama babban zango ga jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi a kai su Masar. Sai dai al'amarin Kano a juye yake da na Ingila, domin jiragen farko da suka zo birnin a 1925 a filin sukuwa suka sauka. A nan doki ne abin tsere, kuma shi ya riƙe matsayinsa.

Mota Mai Kujera Ɗaya ta Mai Ƙaramin Ƙarfi

Kulob biyu ne suka fi tasiri a wannan zamani. Na farko shi ne 750 Motor Club, wanda aka kafa a 1939 domin masu ƙaramar motar nan Austin Seven. Ƙa'idarsa ita ce mutum ya samo tsohuwar mota, ya tuɓe mata jiki, ya rage mata nauyi, ya gyara injin da hannunsa. A nan Colin Chapman ya fara, wanda ya kafa kamfanin Lotus a 1952, haka ma Eric Broadley mai kamfanin Lola.

Na biyu shi ne 500 Club, wanda aka kafa a 1946. 'Ya'yansa suka yanke shawarar a ƙera mota mai kujera ɗaya da injin babur mai girman 500cc, saboda shi ne ake samu da araha. Charles Cooper da ɗansa John, masu gareji a unguwar Surbiton, suka samo gaban motocin Fiat Topolino guda biyu suka haɗa su, suka ɗora injin babur samfurin JAP. Da yake injin babur da sarƙa yake juya taya, hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye shi a bayan direba, kusa da tayoyin baya. Larura ce ta kawo wannan dabara, amma sai aka ga motar ta fi daidaito a kwana, ta kuma fi rashin nauyi, tunda babu dogon ƙarfen da zai kai ƙarfin inji daga gaba zuwa baya.

Wani saurayi mai shekara 18, Stirling Moss, ya sayi irin wannan mota a 1948, ya kuma ci tserenta a ranar da aka buɗe Goodwood. A 1950 hukumar tseren motoci ta duniya ta amince da ajin a matsayin Formula 3. A 1958 Moss ya ci gasar Ajantina da Cooper mai inji a baya, a gaban motocin Ferrari, sannan Jack Brabham ya zama zakaran duniya da ita a 1959 da 1960. Cikin 'yan shekaru kowane kamfani ya mayar da injinsa baya, kuma a haka motocin Formula 1 suke har yau. Dabarar garejin unguwa ce ta sauya siffar motar tsere ta duniya.

An sake farfaɗo da wannan manufa a 1967, lokacin da aka fara Formula Ford a filin Brands Hatch, da injin motar Cortina da sharaɗin kada farashin mota ya haura fam 1,000. Ta wannan ƙofa Emerson Fittipaldi ya shigo a 1969, Ayrton Senna kuma a 1981. Abin da tsofaffin 'yan kulob ke tunawa da kewa shi ne zamanin da mutum zai jawo motarsa da kansa zuwa fili, ya kwana a tanti, ya ari sifana a wurin wanda zai kara da shi gobe.

Tseren 1974: Landan, Sahara, Kano, Munich

Mota mai kujera ɗaya ba ta iya bin rairayi, don haka ta hanyar tseren dogon zango wannan al'ada ta iso ƙasar Hausa. A 1970 an yi tsere daga Landan zuwa Meziko albarkacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, Hannu Mikkola ya ci da Ford Escort. Da gasar 1974 ta faɗo Jamus, sai masu shiryawa suka ga tafiya daga Landan zuwa Munich ta yi gajarta, suka karkatar da hanya ta Sifaniya da Maroko da Aljeriya, ta ratsa Nijar zuwa Kano, sannan ta koma arewa ta Tunisiya da kudancin Turai.

Tsadar man fetur da ta biyo bayan rikicin 1973 ta sa manyan kamfanoni suka janye jiki, fili ya zama na masu zaman kansu. Motoci fiye da 50 suka tashi. Cikinsu har da Stirling Moss, wanda ya bar tseren ƙwararru tun bayan mummunan haɗarin da ya yi a Goodwood a 1962, ya fito a wannan karo da Marsandi.

A Aljeriya al'amari ya dagule. Takardar da aka rarraba wa direbobi mai bayanin hanya ta saɓa da abin da ke ƙasa, domin aikin titi ya ci gaba bayan an rubuta ta, alamun da aka dogara da su suka gushe. Motoci da yawa suka ɓace a hamada kafin Tamanrasset, wasu suka kafe, wasu suka karye, har sai da aka fita neman mutane da jirgin sama. Motar Moss ta mutu a hamadar Aljeriya, bai ga Kano ba. Galibin waɗanda suka isa Tamanrasset ba su yi gangancin gangarowa kudu ba, suka tsaya jiran a dawo. Motoci 19 ne suka kai Munich ranar 25 ga Mayu, biyar kacal daga cikinsu suka cika hanyar baki ɗaya.

Waɗanda suka ci wasu 'yan Ostireliya ne su uku, Ken Tubman da Jim Reddiex da André Welinski, a cikin Citroën DS 23. Tubman mai sayar da magani ne a garin Maitland, ya taɓa cin wani dogon tsere a ƙasarsu a 1953. Reddiex kuwa dillalin Citroën ne a Brisbane, ya san cikin motar kamar tafin hannunsa. Ita DS ba da sifirin ƙarfe take tsaye ba, da mai da iska take ɗagawa, direba kuma yana iya ƙara mata tsayi daga inda yake zaune idan ya zo rairayi ko duwatsu. Tazarar da suka bai wa na biyu ta haura kwana guda. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan tafiya sanin mota da haƙuri sun fi gudu amfani.

Ya kamata a tuna halin da ƙasar da suka ratsa take ciki. Makonni uku kafin tashinsu, ranar 15 ga Afrilu, Seyni Kountché ya hamɓarar da gwamnatin Diori Hamani, a tsakiyar farin da ya ƙarar da dabbobin Abzinawa da Fulani, ya tara jama'a a sansanonin neman abinci. Hamadar da baƙin suka ɗauka fagen gwada jarumta, tsohuwar hanyar fatake ce, wadda madugai suka yi ƙarnoni suna bi da ayarin raƙuma tsakanin Kano da Agadas da arewacin Afirka, ba tare da wata takarda ba.

Matsayi na biyu da na uku da na huɗu duk motocin Peugeot 504 ne suka ɗauka, kuma mata biyu Faransawa, Christine Dacremont da Yveline Vanoni, su ne na biyu. Shekara guda bayan haka, a 1975, aka fara harhaɗa 504 a Kaduna. Abin da tseren ya nuna game da juriyarta, direbobin haya da kanikawansu sun tabbatar da shi na tsawon shekaru, a kan hanyar Kano zuwa Damagaram da ta Kumasi zuwa Tamale.

Abin da Ya Biyo Baya

A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da babur a hamada yayin tseren Abidjan zuwa Nice. Da aka ceto shi sai ya shirya tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978 da ababen hawa 182, ya bi ta Agadas da Yamai, 74 suka isa. Shi ma da 'yan sha'awa ya fara: wasu 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, da ƙaramar Renault 4 suka gama cikin na gaba-gaba. Agadas ta ci moriyarsa ta fuskar masauki da jagoranci, Mano Dayak kuma ya yi suna a wannan hidima.

Daga baya kamfanoni suka shigo da jiragensu da rundunar kanikawansu. Porsche ya ci a 1984, Peugeot kuma daga 1987 zuwa 1990. Gudu ya ƙaru, aka riƙa kaɗe mutanen ƙauye, har da yara. Sabine ya mutu a haɗarin helikwafta a Mali ranar 14 ga Janairu 1986. A shekarar 2000 barazanar tsaro ta sa aka kwashe motocin da jirgi daga Yamai zuwa Libiya, a 2008 aka soke tseren, daga nan ya bar Afirka. A Nijeriya, tseren motoci na Argungu, wanda ke rakiyar bikin kamun kifi, shi ne ya fi kusa da zama na gida.

Kammalawa

An ga yadda rashi ya haifi tseren kulob, yadda motar Cooper ta fito daga tarkacen Fiat da injin babur, da yadda mai magani da dillalin mota suka ci tseren da ya gagari shahararren direba. Sana'ar da ta yi wannan aiki sananniya ce a ƙasar Hausa da zangunanta. Bakaniken Kano ko Maraɗi ko Tamale da ke ɗora injin wata mota a jikin wata, ya ƙera abin da babu a kasuwa, aikin su Cooper yake yi, sai dai shi motarsa buhunan gero da fasinja take ɗauka.

Littattafan da aka rubuta kan waɗannan tseren da idon direba aka rubuta su, sunayen direbobi da motocinsu suka adana. Mai sayar da fetur da mai faci da jagoran da ya nuna hanya, labarinsu yana bakin dattawa. Yaron da ya ga wucewar motocin 1974 yana ɗan shekara 15 yanzu ya haura 60. Ɗalibin tarihi ko na adabin baka da ke neman batun nazari zai same shi a garejin Kano da tashar Agadas, in ya je da wuri.