Wafarin da Magungunan Tashin Zuciya: Inda Haɗarin Yake a Birnin Kudu da Gwaram

Wafarin yana cikin magungunan tsinka jini da aka fi daɗewa ana sha ta baki. A matsayin gubar ɓera aka fara sayar da shi a Amurka a 1948, sai a 1954 aka amince a ba ɗan Adam. Aikinsa hana hanta cin moriyar bitamin K wajen haɗa sinadaran daskarar da jini huɗu: na II, VII, IX da X. A kudancin Jigawa, masu shansa sun haɗa da masu ciwon zuciya da ya lalata ƙofofinta, da waɗanda jini ya daskare musu a jijiyar ƙafa, da matan da zuciyarsu ta raunana bayan haihuwa har gudan jini ya taru a cikinta, larurar da likitocin Kano da Zariya da Sakkwato suka daɗe suna rubutu a kanta. Ana auna tasirin maganin da gwajin INR, kuma ga yawancin marasa lafiya abin nema shi ne tsakanin 2 da 3. Ƙasa da haka jini na iya daskarewa, sama da haka kuma akwai haɗarin zubar jini.

A cikin magungunan amai, wanda karonsa da wafarin ya tabbata shi ne afirefitan, mai sunan kasuwa Emend, wanda Amurka ta amince da shi a 2003 don masu karɓar maganin ciwon daji. Wafarin gamin siffofi biyu ne, R da S, kuma S ta fi ƙarfi kusan ninki uku zuwa biyar. Sinadarin hanta CYP2C9 ne ke rushe ta, shi kuwa afirefitan yana zaburar da wannan sinadarin. A gwajin da ke cikin takardar maganin, kwana biyar bayan kammala shan kwana uku, siffar S ta ragu a jini da kashi 34 cikin ɗari, INR ya sauka da kashi 14. Wato tasirin a makare yake zuwa, lokacin da aman ya riga ya lafa, mara lafiya ya koma gida. Shi ya sa ake son a sake gwaji cikin mako biyu, musamman daga kwana na 7 zuwa na 10. Mutumin Gwaram da aka ba maganin a Kano zai buƙaci sanin inda zai yi wannan gwaji tun kafin ya hau mota, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko a inda aka tura shi.

Sai dai afirefitan ba maganin kowa ba ne. Abin da ake samu a kemis shi ne Phenergan da metokilofiramid, wani lokaci ondansetiron, kuma ba a san su da sauya INR sosai ba. Ondansetiron dai na iya jirkita bugun zuciya, abin lura ga wanda zuciyar ce ta sa shi shan wafarin.

Babban haɗarin yana cikin aman kansa da abin da ake haɗawa da maganinsa. Wanda ya kwana uku yana amai ya daina cin miyar kuka, ya bar kwaɗon zogale da rama da alayyahu, waɗanda daga irinsu bitamin K ke shiga jiki. INR sai ya hau ba tare da an ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. In kuma ƙwayar wafarin ce ta fito cikin amai, sai ya sauka, kuma ba a ninka ta washegari don ramuwa. Ga wata al'ada da ta zama ruwan dare: mai ciwon ciki ya je kemis, a ƙulle masa maganin amai da Flagyl ko Septrin a leda ɗaya. Waɗannan biyun suna hana hanta rushe siffar S, wato akasin aikin afirefitan, kuma tasirinsu ya fi nasa tsanani. Alamun zubar jini kan fara da haɓo, ko jini a jikin asuwaki, ko fitsari ja, ko baƙin bayan gida mai yauƙi. Mai bayar da magani da bai tambayi ko ana shan wafarin ba ya tsallake tambayar da ta fi kowace muhimmanci.

Citta, wadda ake dafawa a shayi don kwantar da tashin zuciya, hujjar da ke kanta ba ta da ƙarfi. An samu rahotannin ɗaiɗaikun mutane da INR ɗinsu ya hau, amma gwaji a kan masu lafiya bai nuna sauyi ba. Ta cikin abinci ba abin damuwa ba ce. Shan ta da yawa kullum ne ya kamata likita ya sani.

Ga mace mai shekarun haihuwa da ke shan wafarin, tashin zuciya na iya zama laulayi. Wafarin yana ratsa mahaifa, kuma illarsa ga ƙashi da hancin ɗan tayi ta fi yawa tsakanin mako na 6 da na 12, daidai lokacin da laulayi ke tsananta. Gwajin ciki ne ke gaba da maganin amai, sannan likita ya duba yiwuwar mayar da ita kan allurar hefarin, wadda ba ta ratsa mahaifa.