Almakashi da Ma'ana: Taƙaitaccen Tarihin Sana'ar Tace Hoto a Fim da Talabijin

1.0 Gabatarwa

Idan aka gama kallon fim, akan yabi ɗan wasa, wani lokaci a tuna da darakta, amma da wuya a ji wanda ya ambaci mai tace hoto. Alhali kuwa yana cikin na ƙarshen waɗanda labari ke bi ta hannunsu kafin ya kai ga idon jama'a. Abin da ake nufi da tace hoto a nan shi ne zaɓar gutsattsarin hotunan da aka ɗauka, da yanke su, da jera su bi da bi har su ba da labari. Duk abin da kyamara ta kama daga kunna ta zuwa kashe ta, shi za mu kira "ɗauka". Matsayin ɗauka a fim kamar matsayin kalma ne a jimla. "Audu ya mari Bala" da "Bala ya mari Audu" kalmominsu ɗaya ne, amma wanda ya sha marin ya bambanta. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin sana'ar, domin a nuna cewa wanda almakashi ke hannunsa shi ke da iko da ma'anar fim.

2.0 Mafarin Sana'ar

Finafinan da 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna a birnin Paris ranar 28 ga Disamba, 1895, ba su buƙaci tacewa ba. Kowannensu ɗauka guda ce da ba ta kai minti ɗaya ba; an kafa kyamara wuri guda, an bar ta har zaren fim ya ƙare. Ba a daɗe ba masu sana'ar suka gane ana iya yanke zaren a manna shi da wani. A 1903 Edwin S. Porter ya fitar da The Great Train Robbery a Amurka, fim mai tsawon minti 12 ko kusa da haka, inda labarin fashin jirgin ƙasa ke tashi daga wannan wuri zuwa wancan, masu kallo kuma suna biye.

D. W. Griffith ne ya kai wannan dabara ga ƙarfinta, ya kuma nuna haɗarinta. A ƙarshen The Birth of a Nation na 1915, yakan nuna wasu Turawa da sojoji baƙar fata suka yi wa ƙawanya a wata bukka, sa'an nan ya yanke zuwa mahayan ƙungiyar Ku Klux Klan suna sukuwa, ya sake komawa bukkar, yana ta gajarta ɗaukar har zuciyar mai kallo ta ɗaga. Ta haka ne aka sa dubban mutane suka yi wa 'yan ta'adda fatan nasara. A wannan shekara ce aka sake farfaɗo da ƙungiyar, ta kuma yi ta amfani da fim ɗin wajen jawo mabiya.

3.0 Makarantar Rasha

Bayan juyin juya halin 1917 zaren fim ya yi ƙaranci a Rasha. Saboda haka Lev Kuleshov, malami a makarantar fim ta Mosko wadda aka kafa a 1919, ya riƙa koyar da ɗalibansa ta hanyar warware tsofaffin finafinai da sake jera su. Ɗalibinsa Vsevolod Pudovkin ya ruwaito wani gwaji da suka yi: an ɗauki fuskar ɗan wasa Ivan Mozzhukhin, ba fara'a ba ɓacin rai, aka haɗa ta da kwanon miya, sa'an nan da gawa a akwati, sa'an nan da yarinya tana wasa. Masu kallo suka yi ta yabon yadda ya nuna tunani da baƙin ciki da murna, alhali fuskar ɗaya ce ba ta sake ba. Watau ma'anar ta fito ne daga maƙwabtakar hotunan.

Sergei Eisenstein ya ɗora a kan wannan a fim ɗinsa Battleship Potemkin na 1925, mai ɗauka fiye da 1,300. Kisan gillar da ya nuna a kan matakalar birnin Odessa bai faru a wurin kamar yadda ya tsara ba, amma ƙarfin jerin hotunan ya sa mutane da yawa suka ɗauke shi tarihi.

4.0 Ma'aikata da Kayan Aiki

A farkon zamani an ɗauki yankan fim aikin hannu ne mai kama da ɗinki, don haka aka bar wa mata da yawa daga cikinsa a kan ƙaramin albashi. Daga cikinsu aka sami gwanaye. Margaret Booth ta fara aiki a kamfanin Griffith a 1915, ta kuma zama shugabar masu tacewa a kamfanin MGM daga 1939 zuwa 1968. Elizaveta Svilova ce ta tace Man with a Movie Camera na 1929. An fara ba da lambar Oscar ta tace hoto ga finafinan 1934, kuma Anne Bauchens ce mace ta farko da ta karɓe ta, da wani fim na 1940.

Da can mai tacewa yakan ɗaga zaren ne ya duba a haske, ya yanke da almakashi. Na'urar Moviola ta Iwan Serrurier, wadda ta shiga kamfanoni a 1924, ta ba shi damar ganin hoton yana motsi kafin ya yanke. Zuwan sauti daga 1927 ya ƙara wuyar aikin, domin an tsayar da gudun fim a kan hoto 24 cikin daƙiƙa guda, dole kuma magana ta dace da motsin leɓe.

Talabijin ta zo da nata ƙalubalen. Faifan bidiyon da kamfanin Ampex ya fitar a 1956, mai faɗin inci 2, ba a ganin hoto a jikinsa. Sai an shafa masa ruwa mai garin ƙarfe, a duba da madubin ƙara girma, kafin a yanke da reza. Daga baya aka koma kwafe hoto daga wani faifai zuwa wani bi da bi, wanda idan aka so gyara tsakiya sai an sake duk abin da ya biyo baya. Kwamfuta ce ta warware wannan, daga na'urar CMX 600 ta 1971 zuwa Avid ta 1989. Walter Murch ya ci Oscar da The English Patient na 1996 wanda ya tace da Avid, daga nan reza ta fara ja da baya.

5.0 Almakashi a Afirka ta Yamma

A nan ne tarihin ya shafe mu kai tsaye. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Nijeriya. Ra'ayinsa shi ne ɗan Afirka da bai yi boko ba ba zai iya bin fim mai saurin yanka ba. Don haka ya shimfiɗa ƙa'ida cewa a tsawaita kowace ɗauka, a guji tsallake lokaci ko wuri, a bar dabarun kyamara. Da wannan ƙa'ida aka shirya da yawa daga finafinan majigi da aka zaga da su garuruwan Arewa, kuma a shekarun farko a Landan ake wanke su a tace su. Sai dai tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma 'yan kallo sun bi finafinan Amurka, daga baya na Indiya, ba tare da an rage musu gudu ba. Ashe ƙa'idar ta fi bayyana zaton mai yanka a kan basirar mai kallo.

A ƙasashen da Faransa ta mulka, dokar Laval ta 1934 ta hana ɗaukar fim sai da izinin hukuma. Bayan samun 'yanci, ofishin fim da Ma'aikatar Haɗin Gwiwa ta Faransa ta buɗe a 1963 ya tanadi ɗakunan tacewa a Paris, inda aka kammala finafinai da dama na 'yan Nijar da Senegal da Mali. Ba a musun amfanin wannan taimako. A zamaninsa ne Oumarou Ganda na Nijar ya ci babbar lambar bikin FESPACO a 1972. Amma mai fim da zai kai hotunansa wata ƙasa, a hannun wanda ba ya jin harshen 'yan wasansa, ba za a ce wuƙa da nama suna hannunsa ba.

Bidiyo ce ta dawo da almakashi gida. Daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, aka shiga tace finafinan Hausa a inda aka ɗauke su, da farko ta kwafe daga kaset zuwa kaset, daga baya da kwamfuta.

6.0 Kammalawa

Akwai abin lura ga mai nazarin harshe. Hausa ta yi amfani da kalma guda, "tace", ga aikin edita da kuma aikin hukumar da Jihar Kano ta kafa a 2001 domin duba finafinai. Asalin kalmar daga rariya da mataci ne, kuma duka ayyukan biyu hukunci ne a kan abin da jama'a za su gani da wanda za a zubar. Tarihin da muka bi ya nuna wannan hukunci ya taɓa ƙawata zalunci, ya taɓa ƙirƙiro tarihi, ya kuma taɓa raina mai kallo. Saboda haka ya kamata sassan nazarin Hausa su ɗauki tace hoto a matsayin nahawun fim, su koyar da shi kamar yadda ake koyar da ginin jimla, su kuma tattara kalmomin da masu sana'ar ke amfani da su a ɗakunan aikinsu.