Kantin da ya yi ta cin riba har ya karye

Da a ce ka shiga wani kantin W.T. Grant a Amurka a 1972, ba abin da zai nuna maka akwai matsala. William Thomas Grant ne ya kafa kamfanin a 1906, da shago guda a garin Lynn na jihar Massachusetts, inda babu kayan da ya wuce senti 25. Zuwa farkon shekarun 1970 rassansa sun haura dubu, ciniki na ƙaruwa, masu hannun jari na karɓar rabonsu. Amma a watan Oktoban 1975 kamfanin ya bayyana cewa ya karye, a 1976 aka rufe shagunan baki ɗaya.

To ina kuɗin suka tafi?

Daga 1969 zuwa 1973 Grant ya buɗe ɗaruruwan manyan rassa, ya kuma shiga sayar da kaya masu tsada irin su kujeru da firji. Don kayan su fita, sai ya buɗe ƙofar bashi, kusan duk wanda ya nema a ba shi. Manajoji kuwa ana yi musu lada ne gwargwadon cinikinsu. Kai ma ka sani, wanda aka ce ladansa na kan abin da ya sayar ba zai tsaya tantance wa zai biya ba.

Ga inda lissafi ke yaudara. Ranar da aka fita da firji ake rubuta cinikin da ribarsa, ko da mai sayen bai ba da sisi ba. Amma albashi da hayar shago da kuɗin masu kawo kaya, duk a hannu ake biyan su. Kowane sabon reshe sai an cika shi da kaya kafin ya dawo da ko kwabo. Wato iya bunƙasar kamfanin, iya zurfin raminsa, kuma da rancen banki yake cike giɓin. Da tattalin arziki ya karaya a 1974, kuɗin ruwa ya hau, rancen ya fi ƙarfinsa.

A 1980 masana lissafin kuɗi biyu, James Largay da Clyde Stickney, sun koma kan alƙaluman kamfanin. Suka nuna cewa a yawancin shekaru goman ƙarshe, kuɗin da ke fita a harkokinsa na yau da kullum sun fi masu shigowa, alhali yana bayyana riba. A ganina abin takaicin shi ne ba a ɓoye alƙaluman suke ba. Suna cikin rahoton da kamfanin ke bugawa duk shekara, idon kowa dai na kan layin riba.