Gogen Turawa da Ya Ƙi Zaman Fada

A 1973, cikin dare, wani matashin makaɗi a Amurka, David Harrington, ya ji wani kiɗa a rediyo mai suna Black Angels, wanda George Crumb ya tsara a 1970 lokacin da yaƙin Biyetnam ke ci. Kiɗan ya hana shi sakat, har ya tara abokai uku a birnin Siyatul don su kaɗa shi. Mafarin rukunin Kronos Quartet ke nan.

Tsarin da suka ɗauka tsoho ne. Bayolin, wato gogen Turawa, ya samu sifarsa ta yau a arewacin Italiya a ƙarni na 16, musamman a garin Kiremona, inda Andrea Amati ya yi suna, daga baya Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737. Tsirkiyarsa huɗu, ana kuma dafe shi da haɓa, saɓanin namu goge mai tsirkiya guda ta izgar doki a kan ƙwarya. Joseph Haydn ne ya daidaita al'adar makaɗa huɗu a ƙarni na 18: bayolin biyu, da yayansu biyola, da babbansu celo, wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Kiɗan manya ne na zauren masu sarauta, ana saurare shiru, ko tari ba a so.

Kronos suka fito da shi kasuwa. Sun koma San Faransisko a 1978, suka yar da baƙar kwat ɗin da aka saba, suka riƙa biyan matsara kiɗa na wannan zamani su rubuta musu sabo. Abin da aka rubuta musu ya haura 1,000. A 1986 suka goga Purple Haze ta Jimi Hendrix, gwanin jita, abin da masu ra'ayin riƙau suka ɗauka raini ne.

Faifansu na 1992, Pieces of Africa, shi ne ya fi daɗin ji. Akwai aikin Obo Addy, makaɗin ganga daga Gana, da Foday Musa Suso mai kora daga Gambiya, da Hamza El Din, Banube daga Masar, wanda kiɗansa ke kwaikwayon juyawar keken ɗiban ruwa a bakin Nilu, tsirkiyoyin na maimaita zagaye ɗaya kamar shanu na jan sa. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin kiɗan gargajiyar Turai na mujallar Billboard, alhali babu Haydn ko ɗaya a ciki.

Masu kallon fina-finan Indiya kuwa sun san muryar da suka gayyata a 2005: Asha Bhosle, ta rera waƙoƙin marigayi mijinta R. D. Burman, Zakir Hussain na buga tabla. A 2017 suka haɗu da Trio Da Kali na Mali a faifan Ladilikan.

Hank Dutt mai biyola da John Sherba mai bayolin na biyu sun yi ritaya a 2024, bayan shekara arba'in da 'yan kai a rukunin. Harrington na nan a kujerarsa, tare da matasa.