Gobarar Maraɗi da Dokar Azuzuwan Zana

Ran Litinin, 8 ga Nuwamba 2021 ta zama ranar makoki a tarihin Maraɗi. Wuta ta kama azuzuwa uku na zana a wata makarantar firamare cikin birnin, yara aƙalla 25 suka mutu, yawancinsu 'yan shekara biyar da shida. Waɗansu kuma suka ƙone ƙwarai. Aka rufe makarantu, aka yi zaman makoki na kwana uku a jihar. Wata bakwai kafin wannan, ran 13 ga Afrilu, irin wannan gobara ta cinye azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ta kashe yara aƙalla 20.

Ajin zana yana da nasa tarihi. Sa'ad da Nijar ta sami mulkin kai a 1960 mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Yara suka yi ta ƙaruwa, ginin siminti kuwa bai iya cim musu ba. Saboda haka kowace shekara, da an buɗe makarantu a watan Oktoba, sai a kafa itatuwa, a kewaye da zana, a rufe da kara ko ciyawa. A 2021 hukuma ta ƙiyasta irin waɗannan azuzuwa kimanin 36,000 a ƙasar. Sau da yawa iyaye ne da kansu suke kawo kara su yi aikin, ta hannun kwamitocin kula da makaranta da ake kira COGES, waɗanda suka bazu cikin ƙasar tun shekarun 2000. Da ba don wahalarsu ba, da dubban yara ba su ga allo ba. Amma ajin da aka gina da kaka yakan bushe ƙayau da hunturu, ƙofarsa ɗaya ce, ga yara cunkushe a ciki. In iska ta hura wuta, kafin 'yan kwana-kwana su iso an riga an yi ɓarna.

Bayan gobarar Maraɗi, majalisar ministoci a zamanin Shugaba Mohamed Bazoum ta hana sa yaran makarantun reno cikin azuzuwan zana a duk faɗin ƙasar. Doka ce mai kyau, gama ƙananan yara su ne ba sa iya gudu. Sai dai ta zo daga sama, cikin gaggawar baƙin ciki, ba ta kuwa shafi 'yan firamare ba. Hani kaɗai ba ya gina aji. Inda babu gini, abin da ya rage wa iyaye shi ne zana ko zaman gida.

Ƙasar Indiya ta bi ta wannan hanya kafin Nijar. Ran 16 ga Yuli 2004 wuta ta tashi daga madafar wata makaranta a garin Kumbakonam, jihar Tamil Nadu, ta kama rufin ciyawa, yara 94 suka mutu, gama matakalar fita ƙunƙuntacciya ce. Gwamnatin jihar ta umarta a cire rufin ciyawa daga makarantu, ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Sampath. Amma dokar da ta game ƙasar duka ta fito ne daga ƙarar wani ɗan ƙasa, Avinash Mehrotra, wanda ya kai maganar Kotun Ƙoli. A 2009 kotu ta yanke cewa 'yancin yaro na samun ilimi ya haɗa da makarantar da ba za ta hallaka shi ba. Ta umarta a bi ƙa'idar gini ta ƙasa ta 2005: a ajiye abin kashe wuta, a koya wa malamai da ɗalibai yadda za su fita, a raba madafa da azuzuwa, a riƙa duba gine-gine.

Tarihin nan yana nuna cewa dokar gobara takan yi ƙarfi in waɗanda abin ya shafa suna da baki a cikinta. A Maraɗi ba a rasa wurin jin bakinsu ba, gama kwamitin makaranta yana nan, shi ne ma maginin ajin. Iyaye da malamai sun san inda mai tuya take hura wuta a bakin makaranta, da inda ake ƙona juji, da inda wayar lantarki ta ratsa. Suna iya yanke cewa kowace rumfa ta sami ƙofa biyu, a bar fili tsakanin aji da aji, a ajiye yashi da randar ruwa, a gwada fita da yara tun makon farko. Waɗannan ba sa jiran kuɗin siminti. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Makarantun zana da rumfunan koyarwa suna da yawa a ƙasar Hausa, hayin Nijar da hayin Nijeriya, hunturu kuwa yana dawowa kowace shekara.